Burtalin da Aka Nome

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, gwamnatin wata ƙasa ta ɗora wa wani jami'i aikin tsara noman lardinsu na shekara biyar. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya taɓa kayan kowa, yana kuma ƙaunar ƙasarsa har zuci. Aibinsa guda ne: ya fi yarda da taswira a kan bakin mutane. An gina masana'antar gurzar auduga, shi kuma ya bugi ƙirji a gaban minista cewa kafin shekara ta uku zai cika ta maƙil, in ya kasa a tuɓe shi. Da ya shimfiɗa taswira sai ya ga wani siririn fili ya ratsa gonaki tun daga tudu har bakin kogi, babu shuka, babu mai shi. Ransa ya ɓaci. Ƙasa tana neman tashi, a bar fili haka yana barci? Ya sa tarakta ta nome shi, aka kewaye da waya. Manoma suna tsaye suna kallo. Da yake ba a tambaye su ba, kuma a lokacin ba a musu da mai motar gwamnati, sai suka ce Allah ya sa albarka.

Ashe burtali ne, hanyar da shanu ke bi bayan girbi su shiga gonaki, su ci kara, su kwana, su bar taki. Da makiyaya suka tarar da waya, sai suka karkata zuwa wani lardin. Shekarar farko ba a ga komai ba. Ta biyu, ganyen auduga ya fara koɗewa. Jami'i ya rubuta a kawo takin zamani daga ƙasar waje, jirgin ruwa bai iso ba sai da damina ta ɗauke. Ta uku, injin ya yi kwana tara yana gurza, ya yi shiru. Ranar da bawan Allah yake kwashe kayansa daga ofis, wani dattijon manomi ya zo yi masa jaje, ya ce, "Ranka ya daɗe, takin da kake jira daga teku, da ƙafarsa yake zuwa mana kowace shekara. Kai ka rufe masa hanya." Jami'i ya riƙe baki, kunya ta rufe shi. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.