Faifan Ƙarshe na 1974

"Ba ita ba ce," in ji Baba, da na kunna masa waƙar.

Shekara uku ina bin shagunan gwanjo na Nashville, ina tara masa ƙananan fayafayan waƙoƙin kantiri, kiɗan karkarar Amurka, da suka zo na ɗaya a 1974, ko mantuwa za ta sassauta masa. Wannan ne na ƙarshe, waƙar rawar aurensu da marigayiya Mama, ko ƙwarzane babu.

"Ita ce mana, Baba."

"Tamu tana maƙalewa a baiti na biyu, sai uwarki ta bugi tebur ta ci gaba."

Na ɗauko allurar ɗinki na karce faifan. Sai a karo na uku ya maƙale.

Baba ya juya ga kujerar Mama, yana jira.

Na bugi teburin.