Ƙusar da Gizago Ya Binne a Katako

Tun da ƙanensa Auta ya sayo injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, Gizago bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Gizago laƙabi ne da ya samu saboda iya sassaƙar hannu, kuma shi ya koya wa Auta riƙe guduma. Yanzu ga shagon Auta a tsallaken titi, motoci na tsayawa a ƙofarsa, shi kuwa sai gyaran ƙafar kujera.

Furen da Gizago zai yi mako yana ƙwaƙula a jikin ƙofa, injin kan gama shi kafin a tashi aiki. Ƙarfinsa duk yana wani ɗan haƙori da bai wuce tsawon yatsa ba, na wani ƙarfe mai tsananin tauri da ake kira kabaid. Auta ya taɓa nuna masa shi yana murna.

"Yaya, wannan yana cin katako kamar sabulu. Amma ba ya lanƙwasa. In ya ci karo da ƙusa yana cikin gudu, tarwatsewa yake yi kamar tangaran."

Gizago ya taɓe baki, amma ya riƙe maganar.

Auta bai yar da yayansa ba. Duk katakon da zai ɗora a inji, sai ya aika wa Gizago ya share shi ya daidaita. Shi a ganinsa zumunci ne, Gizago kuwa ya ɗauka wulaƙanci ne.

"Ni na koma mai share wa yaron nan katako," in ji shi ga matarsa.

"Haba maigida, arzikin ƙanenka ai naka ne," ta ce.

"Nawa ne? To me ya sa ba a ƙofata motocin suke tsayawa ba?"

Abin da ya fi ci masa rai shi ne tsohuwarsu. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa gadon da Auta ya sassaƙa mata, alhali kujerar da take zaune a kai aikin Gizago ce.

Wata safiya Auta ya shigo da kansa, ɗauke da wani katako mai kauri.

"Yaya, a share min wannan da kyau. Aikin wani ne da ba na so ya ga aibi ko kaɗan."

Da ya fita, Gizago ya daɗe yana kallon katakon. Sai ya ɗauko ƙusa, ya datse kanta, ya buga ta ta nutse a tsakiya. Ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe ramin, ya goge wurin har ido ba zai gane ba. A ransa, haƙori ne kawai zai karye, aiki ya lalace, mai aikin ya wanke Auta tas. Iyakar abin da ya nufa ke nan.

Washegari Auta ya tsallako ya kamo hannunsa.

"Zo ka gani, Yaya. Yau kai ne babban baƙo."

Katakon na ɗaure a kan injin. Tabarau na kare ido guda ɗaya ne a shagon, sai Auta ya cire shi daga fuskarsa ya saka wa yayansa.

"Idonka ya fi nawa tsada, kai ne malamin," ya ce yana dariya, ya kunna inji.

Haƙori ya fara tafiya, garin katako na tashi. Haruffa suka fara bayyana, Gizago ya ga sunansa ne ake rubutawa.

"Allon sabon shagonmu ne," Auta ya ɗaga murya saboda ƙarar inji. "Na kama shagon da ke jikin wannan, za a fasa bangon a haɗe su. Inji ya yi nasa, kai ka yi ƙarashen hannu, don ni har yau ban kai ka ba. Sunanka ne a sama."

Gumi ya karyo wa Gizago. Ya san daidai inda ƙusar take, yana kuma kallon haƙorin yana matsowa. Kalma ɗaya ta isa a kashe injin. Amma in ya ce a tsaya, za a tambaye shi dalili. Ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi. Auta ya sunkuya zai hure garin da ya rufe haruffan.

Ƙara ɗaya aka ji, haƙorin ya daki ƙusa ya tarwatse. Auta ya faɗi dafe da fuska, jini na bin yatsunsa. Wani ɓarɓashin ya daki tabarau ɗin da ke fuskar Gizago ya faɗi ƙasa.

"Yaya, bai same ka ba dai?" Abin da Auta ya fara tambaya ke nan.

Likita ya ce idon dama ya tafi. Da aka sallamo Auta, ya nemi a kawo masa allon. Ya shafa wurin da yatsa, ya kankare busasshen gam da farce, ya ɗaga idon da ya rage masa ya dubi yayansa. Kafinta ne shi ma, ya san bambancin tsohuwar ƙusa da wadda aka binne kwanan nan. Da tsohuwa ta tambayi abin da ya faru, sai ya ce ƙaddara ce.

Ba a fasa bangon ba. Auta ya sayar da injin, motoci suka daina tsayawa a titin baki ɗaya. Allon yana jingine a shagon Gizago, sunansa ya tsaya a rabi, kuma har yau ya kasa ƙona shi.

Mai karatu, hassada ba ta tsayawa inda ka auna mata. Gizago haƙorin inji ya nufa, ya samu idon wanda ya cire tabarau ya ba shi. In ka ji zafin ci gaban ɗan'uwanka, yi maganin zuciyarka tun hannunka bai kai ga ƙusa ba.