Ɓeran Zauren Ɗanmaliki

Ɗanmaliki ya danna hon, hon ya ƙi. Ya sake dannawa har farcensa ya yi fari, shiru kake ji. A gabansa wata mata ce ɗauke da tiren gyaɗa, tana tafiyarta a kan murfin kwata, ba ta ma san da shi ba.

Wannan murfin kwata na siminti, da ya bi gaban shaguna a bakin titin Sakkwato, shi ne hanyar masu ƙafa a unguwarsu a Tambuwal, kuma da ƙyar mutum biyu ke giftawa a kansa. Tun da ɗansa Mu'awiya ya aiko masa da keken guragu mai batir, Ɗanmaliki ya mai da hanyar gadon gidansu. Yara na jin hon sai su tsallaka kwata, tsofaffi su manne da bango suna salati.

Da can dillalin hatsi ne, mai bakin da zai sayar maka da geron bara ka tafi kana godiya. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da ƙafarsa ta hagu, ya kuma nauyaya masa harshe. Ranar da ya nemi ruwa kalmar ta fito a karkace, wani baƙo ya yi dariya, daga nan ya kulle bakinsa. Likita ta gargaɗe shi cewa harshen da aka bari ya kwanta ba lallai ne ya sake tashi ba. Ya ji, ya kau da kai.

Sai hon ya zama bakinsa. A titi hon, a ƙofar masallaci hon, a gida ma hon: ɗaya shayi, biyu buta. Kulu, matar da suka tsufa tare, ta koma ana kiranta kamar fasinja a tasha. Abin yana cin ranta, don ta yi kewar muryarsa, har da faɗan da yake yi mata a kan gishirin miya. Kullum da safe takan share zaure inda keken ke kwana a caji, tana mita da tsohuwar tsintsiyarta da ɗaurinta ya kwance.

To, ranar da hon ya mutu, haka Ɗanmaliki ya bi bayan mai gyaɗa a hankali har haƙurinsa ya ƙare. Ya buɗe baki da ƙyar.

"Ga... gafara."

Matar ta waiwayo, ta rusuna. "Lah, Baba! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya ƙarfin jiki?"

A Tambuwal ba a amsa gaisuwa da ka. Dole ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, gumi na keto masa.

Da la'asar ya kai keken wurin Lauwali mai gyaran babur. Lauwali ya leƙa ƙarƙashin kan keken, ya jawo guntuwar jar waya.

"Kusu na, Alhaji. Ya cinye kusan taƙi guda. Amma wanga kusu shina da haƙori, yanka guda yay yi mata."

Ya jona wata waya, rawaya, hon ya dawo da ƙarfinsa. Bai yi kwana uku ba ɓeran ya sake ɗauke ta. Lauwali ya sa koriya, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Babu wanda ya kai Kulu jin haushin ɓeran nan. Ita ta ɗana tarko da ƙuliƙuli, ita ta je gidan maƙwabciyarsu Goggo ta aro kyanwa. Kyanwar ta cinye ƙuliƙulin, ta yi ƙiba, ta mai da kujerar keken wurin barcinta. Ɓera kuwa ko kashinsa ba a gani ba.

Ana cikin haka tafiyar Ɗanmaliki ta canza. Wanda ba shi da hon ba ya gudu, don haka ya murɗa maɓallin sauri daga hoton zomo zuwa na kunkuru. Ya koyi tsayawa 'yan Islamiyya su wuce, ya koyi raɓewa ga mai ɗauke da kaya. Kowace "gafara" tana jawo gaisuwa, kowace gaisuwa tana jawo labari, har tafiyar da yake yi kafin shayi ya huce ta koma cin hantsi guda. Wata rana aka ji shi a gaban shagon hatsi yana musu a kan geron Kebbe, kalmomin na tuntuɓe amma suna isa. Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Da Lauwali ya ce wannan karon zai zura wayar cikin tiyo, Ɗanmaliki ya ɗaga masa hannu.

"Bar... shi. Kusu ma... bawan Allah na."

Washegari da safe Kulu tana sharar tsakar gida, sai murya ta fito daga zaure, a karkace amma da ƙarfi.

"Kulu! Shayin ga... babu sukari!"

Rabon da ta ji sunanta a bakinsa tun daminar bara. Ta tsaya cak, daɗi ya cika ta har idanunta suka kawo ruwa. Ta goge su da gefen zane kafin ta amsa.

"Ai da ka danna hon, Malam."

Ta sunkuya ta ci gaba da shara, tsintsiyar nan ɗaure tam da waya ja, da rawaya, da koriya.