Akwatin da Ƙafa Ta Haddace

Ranar Alhamis da hantsi wani makaɗin jita ya karɓi sabon akwatin sauti, irin wanda ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da lasifika, makaɗi yana taka shi yana sauya muryar kiɗa. Sabon yana da fuskar gilashi kamar waya, da muryoyi barkatai. Tsohon kuwa fentinsa ya koɗe, har an naɗe gefensa da salatif. Amma shekara da shekaru makaɗin yana gyara muryoyi yana adanawa a cikinsa, har ƙafarsa ta haddace: madannin hagu na rawar ƙawaye ne, na dama kuwa wata murya ce mai taushi kamar sarewa, wadda mawaƙiyar da yake yi wa kiɗa take shigo da amarya da ita. Mata suna gayyatar mawaƙiyar ne saboda wannan shigowa. Tun bai gwada sabon ba, ya miƙa wa maƙwabcinsa tsohon kyauta, don shi ma yana ɗan taɓa jita.

Ranar Asabar da la'asar aka yi biki a fili. Amarya ta iso bakin rumfa, mawaƙiya ta ɗaga hannu, makaɗi ya taka dama ba tare da ya duba ba, kamar kullum. Sai lasifika ta yi wani ruri kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Amarya ta ƙame. Jarirai suka fashe da kuka, kakar ango ta toshe kunne tana salati, ƙawaye suka tsaya baki buɗe. Makaɗi ya durƙusa, amma rana ta haske gilashin, ba ya ganin komai, duk inda ya taɓa ƙarar ƙaruwa take. Mawaƙiya ta sauke abin magana ta ce, "Malam, ina muryar amarya?" Ya ce, "Hajiya, tana cikin tsohon." Aka tura babur ya ɗauko maƙwabci da akwatin a hammata. Makaɗi ya miƙa hannu zai karɓa, maƙwabci ya ce ai ba a mai da kyauta, shi zai taka abinsa. Ba wanda ya yi musu, ga amarya a tsaye cikin rana. Hannunsa bai kai na makaɗin ba, amma da ya taka dama, muryar nan ta fito yadda kowa ya santa, amarya ta ɗaga ƙafa. Tun daga ranar, maƙwabcin ne mawaƙiyar take kira ya yi mata kiɗa.

To, kai da kake tambayata ko naka tsohon kayan aikin ya gama yayi, ka fara duba abin da ka zuba a cikinsa tukuna. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.