Ranar da Aka Kori Tsumma

Tunda an ɗora ka a kujerar kwamiti har ka fara ɗaga kafaɗa, to gyara zama ka ji abin da ya sami wata ƙungiya a wani gari. Mutanen unguwa ne suka haɗa kai suka kama shago a bakin kasuwa. Mai tsohuwar riga ya kawo, mai zanen da ta gaji da shi ta kawo, a sayar da araha, abin da aka samu a koya wa marasa aikin yi ɗinki da shi. A bayan shagon akwai ɗaki mai kekunan ɗinki bakwai, da wani tsohon tela da ya bar rumfarsa ya zo koyarwa. Shi kuwa da irin tasa al'adar. In an sauke buhun kaya, ko kallon shadda mai sheƙi ba ya yi. Riga mai yagaggen aljihu yake nema, da wandon da zif ɗinsa ya mutu, da rigar da ɓera ya taɓa. Su yake raba wa ɗalibansa, zawarawa da magidantan da masaƙa ta sallama, domin ya san hannun mai koyo rawa yake yi a kan sabon yadi, amma a kan tsumma ba ya tsoron uban kowa. A farke, a ɗinke, a ɓata, a sake, har ɗinki ya miƙe. Rigar ta koma gaba a rataye ta, wanda ya gyara ta yana leƙe ta taga ya ga wa zai saya.

Ana nan sai aka yi sabon kwamiti, mutanen kirki wallahi, masu takardu, sai dai babu wanda ya taɓa zura zare a allura a cikinsu. Suka zauna ƙarƙashin fanka suka ce shagon ya koma juji, ana zubar musu da mutunci. Suka kafa doka: duk kayan da ya yage ko yake da tabo, a mayar da shi tun daga ƙofa. Taku goma ne fa zuwa ɗakin tsoho, ba wanda ya taka ya tambaye shi. Da ya je da kansa, aka ce ai ba ya cikin kwamiti, ya rubuto a takarda. Shago kam ya yi kyau, ga gilashi, ga ƙanshi. Amma talakan da aka mayar wa rigarsa a gaban jama'a bai ƙara kawo ko mai kyan ba, masu hali kuwa sai shekara ta zagayo suke tunawa da shagon. A ɗakin baya aiki ya tsaya cak. Kwamiti ya sayo yadi bandir guda, aka ce a yi hattara da shi, ɗalibai suka zauna suna jin nauyinsa kamar suruki. Wata ta yanka hannun riga a karkace, aka kira ta gaban kwamiti, kashegari ba ta dawo ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki, saura magidanci guda mai 'ya'ya biyar, wanda ya kusa iya wuyan kaftani, wanda tsoho ya sa wa rai shi zai gaje shi. Tsoho ya riƙa kwaso kayan jikinsa daga gida yana farkewa da gangan don ya sami abin ba shi, har ya rage daga wanda yake sanye da shi sai na Juma'a. Ranar nan mutumin ya durƙusa ya ce gida ba hatsi, zai bi motar albasa zuwa kudu ya yi dako. Tsoho bai hana shi ba. Da me zai riƙe shi?

Tun daga nan kullum da hantsi yakan buɗe ɗakin, ya ɗiga wa kekunan mai, ya taka wannan, ya tashi ya taka wancan, ko ya ji kamar da, lokacin da ƙararsu take hana mutum jin sallama. Ina! Keke ɗaya ba ya cika ɗaki. Da shekara ta ƙare shugaban kwamiti ya kawo baƙi su ga aikin da shagon yake ɗauke da shi, ya tura ƙofa, sai ga tsoho shi kaɗai. Ya ce, "Baba, ina ɗaliban?" Tsoho ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ranar da kuka mayar da tsumma daga ƙofa suka bi bayansa." Ka ji inda Hausawa suka samo maganarsu: garin neman gira an rasa ido.