Akwatin Ta'aziyya

Kwana ɗaya bayan binne mahaifiyar Bashari, ƙungiyar agajin da yake yi wa aikin haƙa rijiyoyi ta aiko da akwatin ta'aziyya. Tun da aka hana ma'aikata barin ofis don gaisuwar mutuwa, akwatin ne ke zuwa a madadinsu.

Magaji, jami'in kula da ma'aikata, ya ajiye shi kan tabarma tsakanin dattawan unguwa. Akwatin ya fara da muryar shugaba, sannan muryoyin abokan aiki ɗaya bayan ɗaya: "Allah ya jiƙanta." Har da muryar Malam Ɗantala direba, wanda ya rasu bara, ba wanda ya tuna ya cire ta. Dattawa suna amsawa da amin, suna kallon ƙasa.

Da ya gama, fitilu biyu suka kama, kore da ja.

"Danna ɗaya," Magaji ya ce wa Bashari a hankali. "Tambaya ake ko ka gamsu."

"Haba Magaji. Tuwon Inna nawa ka ci a gidan nan? Ba za ka faɗa da bakinka ba?"

"Ai muryata na ciki, ka ji ta. In na zauna, lokacin aiki na ci."

"In na danna ja fa?"

"Masu ba mu tallafi za su ga ma'aikata ba su gamsu ba. Rijiyar da ka fara a Tudun Faru za ta tsaya, su koma shan ruwan tafki."

Bashari ya daɗe yana kallon fitilun, sannan ya danna kore.

Magaji ya rungumi akwatin ya nufi mota. Ko takalminsa bai cire ba.