Geron da Bai Ga Fari Ba

Na ga ka rubuta “mun tabbatar” a rahotonka, alhali sau ɗaya tak ka gwada abin. Ajiye biron tukuna, in ba ka misalin wata ma'aikaciyar binciken noma. An ba ta sabon irin gero ta gwada a gonakin wani ƙauye, a ga ko yana jure fari. Shekarar kuwa damina ta yi albarka, geron ya fid da zangarniya kamar damtsen ɗan dambe, har masu zuwa kasuwa suna tsayar da keke suna kallo. Da lokacin rahoto ya yi, shugabanta, mutum mai son a tafa masa, ya ce ta rubuta cewa irin ya jure fari kowa ya huta. Ta tambaye shi, cikin ladabi, wane farin? Ba taurin kai ba ne. Ta san inda maganar za ta sauka: daga takarda sai bakin malamin gona, daga nan sai dandali. Manoman nan kuwa kowa yana da damin irinsa na gado a ware cikin rumbu, ba a taɓa shi ko yunwa ta kai yunwa. Amma ranar da aka ce musu an sami wanda ya fi shi, ran nan za a sussuke shi a dama fura. Don haka ta rubuta: “Ya yi kyau a gonaki huɗu cikin damina mai ruwa. Ba mu gan shi cikin fari ba tukuna. Kada a saki tsohon iri.” Shugaban ya ce rahoton ba gishiri, ya sa hannu yana tsaki.

Da damina ta zagayo, ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku ana cikin maimai, wato noma na biyu. Sabon geron ya ƙone ƙurmus a jigawa, a gona ɗaya kawai mai ɗan danshi ya kai labari. Tsohon irin kuwa, wanda kowa ya shuka a rabin gonarsa saboda waccan magana tata, ya nannaɗe ganye ya jira, ruwa na dawowa ya miƙe. Ba a cika rumbu ba, amma babu gidan da aka fasa ɗora tukunya. Da kaka aka dama mata furar tsohon geron a gindin gawo, ta sha hankalinta kwance, kuma ni wannan kwanciyar hankalin nake yi maka kwaɗayi. Shugaban ma yanzu a kowane taro sai ya ce, “Ai mun faɗa tun bara.” Ba ta taɓa musa masa ba.

To, ɗauki bironka ka rubuta iya abin da idonka ya gani. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.